Wa Zai Koya wa Ɗalibanmu Riƙon Kayan Tarihi?

Ɗiyar yayana tana aji uku a jami'a, tana karanta akiyoloji, wato ilimin tono kufai da nazarin abin da magabata suka bari a ƙarƙashin ƙasa. Bara aka sallame su aikin koyon sana'a na wata shida, wanda ɗalibai ke ce wa IT, Allah kuma ya ba ta gurbi a wani gidan adana kayan tarihi. Na yi murna ƙwarai, don na san irin dukiyar da ke jibge a ɗakunan ajiyar irin waɗannan gidaje. Bayan wata huɗu ta zo gaishe ni, na ce ta miƙo mini littafin da suke rubuta aikin kowace rana, wanda shugaban wurin ke sa wa hannu. Na yi ta buɗa shafi bayan shafi. Litinin, ta zauna a teburin karɓar baƙi. Talata, ta raka 'yan firamare zagaye. Laraba, babu wuta, an tashi da wuri. Haka har ƙarshe.

Na ce mata, "Yanzu duk tsawon watannin nan ba ki shiga sito ba?"

Ta ce, "Wallahi Baffa ko ƙofar ban taɓa gani a buɗe ba. Makullin yana hannun mutum ɗaya, kuma an ce ɗalibi ba ya taɓa kaya."

Abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifin mai makullin ba, domin duk wanda ya san tarihin gidajen tarihinmu ya san an sha yi musu sata, kuma ranar da abu ya ɓace wuyan ma'aikaci ake kamawa. Amma yarinyar nan shekara ɗaya ta rage mata ta karɓi takardar da ke shaida cewa ta san wannan aiki, alhali hannunta bai taɓa ɗaukar tukunyar da ta shekara ɗari biyar ba, ba ta san ta ina ake tallafarta ba, ba ta san yadda ake rubuta mata lamba a rajista ba. Adana kayan tarihi aikin hannu ne kamar ƙira da jima. A gefen gwani ake koyonsa, a lokacin da ya dace a cikin shekara, kuma da kayan gaske. Waɗannan ukun su ne tsarinmu ya kasa haɗa wa ɗalibi wuri guda.

Mu fara da tono, tunda shi ne mutane suka fi jahilta. Da yawa suna ɗauka mai tonon kufai farautar kaya yake yi, ya haƙa rami ya ciro abu mai kyau ya kai gidan kallo. Gaskiyar magana, abin da aka ciro shi ne ƙaramin rabo na aikin. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya, na ƙasa ya girmi na sama, kuma labarin yana cikin sanin a wane hawa abu yake, me ke kusa da shi, toka ce ko yashi, dandamalin ɗaki ne ko juji. Da zarar an tone wuri, shi ke nan an rushe shi, ba a sake tone shi karo na biyu. Abin da ya rage wa duniya shi ne abin da mai tonon ya auna, ya zana, ya ɗauka a hoto, ya rubuta. In ya yi sakaci, ya cuci duk wanda zai zo bayansa.

Shi ya sa makarantar fili take da muhimmanci, wato makonnin da malamai ke kwasar ɗalibai su tare a wani kufai. A can ne ɗalibi zai kafa turaku ya ja igiya ya fitar da murabba'i, ya durƙusa da cokalin magina yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan. A can ne malami zai tsaya a kansa ya ce, "Dakata, ba ka ga launin ya sauya ba?" Ya duba bai ga komai ba, sai an yayyafa ruwa sannan jan ƙasa ya rabu da baƙa-baƙa, ya gane bakin wani tsohon rami ne ya iso. Zai tankaɗe ƙasar da ya kwasa a rariya don kada ɗan dutsen ado ko guntun ƙashi ya wuce. Zai koyi cewa tsingaro ba ya shiga leda sai da takardar da ke faɗin ramin da zurfin da ranar. Zai koyi naɗe gawayi da kyau ba tare da ya gauraya da wani abu ba, domin da shi ake gano shekarun wuri a ɗakin gwaji. Babu allon da zai koya wa ido rarrabe ƙasa da ƙasa. Gani ya kori ji.

Labarin Nok ya ishe mu misali. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin akiyoloji, wani kan yumɓu daga yankin Jama'a, wanda aka ɗora a gonar doya don korar tsuntsaye da dabbobi, shi kuma ya lura da kamanninsa da na farko. Daga nan sunan Nok ya shiga duniya, kuma wannan aiki na daga cikin abin da ya haifar da gidan tarihi na Jos a 1952. To amma da sunan ya yi tsada, sai 'yan kasuwar bayan fage suka shigo. Aka sa matasan ƙauyuka haƙa ramuka ba awo ba rubutu, ana ciro kawuna ana fitar da su Turai. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Kawunan da aka fitar ta wannan hanya suna nan a gidajen attajirai, kyawawa, amma bebaye ne, ba wanda zai iya cewa ga inda suka kwanta ko me ke gefensu.

Da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka fara aiki a yankin daga 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, abin da ya fi ba da labari ƙananan abubuwa ne. Ana zuba ƙasar rami a ruwa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi su taso sama a tace su, ta haka aka tabbatar gero ne babban abincin mutanen. An gano alamar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu. An kuma tura farkon al'adar baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ƙwayar gero da ta ƙone ba ta da farashi a kasuwar Faransa, mai haƙar sata zai watsar da ita da shebur ɗaya. Horarren hannu ne kaɗai ya san ita ce shaidar.

Haka kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Da aka bincika, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Itacen da ya kwanta cikin laima tsawon wannan zamani ruwa ne ke riƙe da jikinsa. In aka ciro shi aka shanya a rana irin ta Yobe, zai tsage ya motse cikin ɗan lokaci. Dole a jiƙa shi cikin magani na musamman, a bar shi ya sha a hankali. Da a ce ranar da aka gan shi an sa ƙarti sun fizgo shi da igiya, da yau sai dai labari. Sanin abin da ba za a yi ba shi ne rabin aikin, kuma wannan sanin daga bakin wanda ya taɓa yi ake samunsa.

Yanzu mu dubi inda tsarin koyon aiki a lokacin hutu ya samo asali, don mu gane abin da muka kwafo da abin da muka baro. A Amurka da Ingila, dogon hutun jami'a yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya tafi, ƙasa ta saki, rana ta yi tsawo. Jami'o'i kan shirya makarantar fili ta mako huɗu zuwa shida, gidajen tarihi kuma su ɗauki ɗalibai su raba su sassa: rajista, gyaran kaya, shirya baje koli, ilimantar da baƙi. Abin da ke riƙe da wannan tsari doka ce da kasuwa. A Amurka dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ta wajabta a duba illar duk aikin da gwamnatin tarayya ta sa kuɗi ko ta ba da izininsa ga wuraren tarihi. A Ingila tun 1990 aka ɗora wa mai gini nauyin biyan kuɗin binciken ƙasar da zai gina a kai. Sai kamfanonin tono suka yawaita, kuma ba sa ɗaukar wanda bai yi makarantar fili ba. Ɗalibi ya san in ya sha rana mako shida, akwai aiki a gaba.

Tsarin nasu ma yana da tabonsa. Makarantar fili kuɗi ake biya, sau da yawa dubban daloli, kuma shekara da shekaru manyan gidajen tarihi suna sa ɗalibai aiki kyauta a birane masu tsadar haya. Sakamakon haka sana'ar ta zama ta 'ya'yan masu hali. Sun yi ta muhawara a kai, har gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya sanar a 2020 cewa zai riƙa biyan ɗaliban da ke koyon aiki a wurinsa. Na kawo wannan ne don matasanmu da ke ganin tallan irin waɗannan guraben a intanet su san ba kowace ƙofa ce take buɗe yadda hoto ya nuna ba: ga kuɗin jirgi, ga biza, ga masauki. Wanda ya samu tallafi ya je, zai ƙaru, ina kuma ƙarfafa masa gwiwa. Amma ƙasa ba ta gina ma'aikatanta da mutum biyu ko uku da suka yi sa'a.

Abu na farko da bai zo daidai da mu ba shi ne lokaci. Watannin da Bature ke fita tono su ne tsakiyar daminarmu. A Agusta ciyawa ta rufe kufai, ba ka ganin tsingaro ko kashin maƙera a doron ƙasa, rami ya cika da ruwa cikin dare ɗaya, gefensa ya zabtare, hanyar ƙauye ta yanke, kuma filin da kake son tonawa gero ne a tsaye a kansa, ba manomin da zai yarda. Lokacin tono a ƙasar Hausa bayan kaka ne, daga Disamba zuwa wajen Maris, an kwashe amfani, ƙasa ta buɗe, zafin bazara bai kankama ba. A daidai wannan lokaci kuwa ɗalibi yana aji ko yana jarrabawa. Ga kuma kalandar jami'a da ba ta zama wuri ɗaya. Yajin aikin malamai na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana fita da ɗalibansa fili, haka takwarorinsa na Ibadan da Nsukka da Jos, kuma sun cancanci yabo, don na san da guminsu suke yi. Amma fita ta 'yan kwanaki da ɗalibai masu yawa a kan ramuka kaɗan ɗanɗano ne kawai. Wani har a dawo cokali bai zauna a hannunsa na yini guda ba.

Na biyu tsaro. A Fabrairun 2017 aka sace Breunig da wani abokin aikinsa a kusa da Janjala, cikin ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin fili a yankin bai koma yadda yake ba. Sukur, a tsaunukan Madagali, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 1999, ya sha harin Boko Haram a 2014. Dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari cike suke da tsofaffin garuruwa da wuraren narka tama, amma wane shugaban sashe ne zai kwashi 'ya'yan mutane ya kai su can su kwana a tanti? Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba malamin jami'a ne zai warware ta ba.

Sai dai a nan nake ganin mun taƙaita tunaninmu. Mun ɗauka makarantar fili sai an shiga daji. Alhali mafi girman kayan tarihin da ke mutuwa a gabanmu a cikin birni suke, ana zuwa wurinsu da kuɗin adaidaita sahu. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, kullum raguwa take, wani wuri ruwa ya ci, wani wuri an ɗebi ƙasar, wani wuri an yanka fuloti. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Yana yin gargaɗi: tsaga a bango, indararo ya toshe, gara ta shiga azara, laima ta hau gindin katanga. Ana bukatar idon da ya san waɗannan alamu, da ƙafar da za ta zagaya kafin damina da bayanta.

Wannan ido kuwa yana wurin magina, ba a jami'a ba. Na taɓa zama da wani tsohon magini a cikin birni yana gyaran soron wani zaure. Ya ɗebi ƙasar da aka kwaɓa ya murza a tafin hannu, ya kai hanci, ya ce wa yaransa ba ta nuna ba, a ƙara mata kwana biyu. Na ce, "Baba, ta yaya kuka gane?" Ya ce, "Ɗana, warinta ne ke faɗa. Ƙasar da ciyawarta ba ta ruɓe ba, ko ka yaɓa za ta yi maka dariya da ruwan farko." Ya nuna mini yadda ake jera tubali kai sama, yadda ake ɗaura azarar giginya hawa-hawa har baka ya tashi ya haɗu a tsakiya, da yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Ya yi mini bayanin laso, wani shafe mai hana ruwa shiga, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Sannan ya ce cikin 'ya'yansa babu wanda ya tsaya a sana'ar, duk sun koma bulo da siminti, kuma bai ga laifinsu ba, can ne abinci yake.

Siminti kuwa shi ne babban makashin ginin ƙasa. Mai kyakkyawar niyya zai shafe tsohon bango da shi don ya kare shi, ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga ta baya ya kasa fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana sai ɓawon ya ɓalle da rabin bangon. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniya da ya yi wata uku a gefen irin wannan tsoho ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, ko da daga baya ya zama babban jami'i mai sa hannu a kwangila. Muna da sarautar Sarkin Magina a masarautunmu. Muna da gidan kayan gine-ginen gargajiya a Jos, wanda ya samo asali daga aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, inda aka gina kwafin masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano da girmansu na gaske. Wannan wuri aji ne a tsaye, kuma shi kansa yana bukatar yaɓe duk shekara. A Djenne ta ƙasar Mali, gari ne gaba ɗaya ke fitowa shekara-shekara a yaɓe babban masallaci ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar magina, yara suna ɗauko laka suna kallon manya. A Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ba a daina kula da ita ba. Me zai hana a ce duk rani, ɗalibai talatin su karɓi wani yanki na badala, su auna, su zana, su ɗauki hoto, su kwaɓa ƙasa su yaɓa, magini yana matsayin malami, ana biyansa kamar yadda ake biyan malami, sunansa yana cikin takardar sakamako?

Wannan batun na biyan magini da girmama shi ina ganin shi ne inda za a fi samun turjiya, domin tsarin jami'a bai san yadda zai kira wanda ba shi da digiri malami ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani.

Damina kuma ba lokacin zama ba ne, lokacin aikin cikin ɗaki ne, kuma a nan ne watannin IT za su yi amfani in an tsara su. Littattafanmu na hannu, na Larabci da na ajami, suna nan a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Waɗanda ke gidajen malamai cikin gafaka da adaka sun ninka waɗannan. Na taɓa ganin wani littafin fiƙihu da jikan mai shi ya lilliƙe da salatif saboda ƙauna. Gam ɗin ya narke ya shiga takardar, ya bar tabo ruwan ƙasa, kuma duk inda aka ɗaga salatif ɗin sai ya taho da tawadar. Wasu kuma kai wa masu leda suke a manne shafin da zafi, wanda ya fi wancan muni. Ɗalibin da aka koya wa share ƙura da burushi mai laushi, da raba ganyen da suka manne, da yin akwatin kwali daidai girman littafi, da ɗaukar hoton kowane shafi a jere, zai ceci abin da ba a iya sayensa. In aka ɗaga irin wannan takarda a haske, sau da yawa za a ga alamar jinjirin wata uku a cikinta, shaidar cewa daga Italiya ta fito ta ratso Sahara. Ranar da ɗalibi ya ga wannan da idonsa, darasin cinikin hamada ya zauna masa har abada. A wannan fanni ma muna da gata: almajirin da ya sauke ya iya karanta rubutun da ɗan boko ba zai iya ba. A haɗa su tebur ɗaya.

Abin takaici, ba yau muka san muhimmancin wannan horo ba. Tun 1963 aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO, ana koyarwa da Turanci da Faransanci, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban. Har yau akwai cibiyar nazarin akiyoloji da aikin gidan tarihi a Jos ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi, wadda dokar 1979 ta kafa. Shi ma shirin SIWES, wato wannan IT ɗin na ɗalibai, da asusun horar da ma'aikata ya fara a 1973, manufarsa mai kyau ce: ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya gama karatu. A Yamai kuma, gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, tun da wuri ya ba maƙera da dukawa da masaƙa wurin zama a cikin harabarsa, baƙo yana kallo ana aiki, yaro yana koyo. Ginshiƙan suna nan. Abin da ya ɓace shi ne igiyar da za ta ɗaure su: yarjejeniya tsakanin sashen jami'a da gidan tarihi da ke faɗin abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa kafin a sa masa hannu, ma'aikaci guda da aka ware aka kuma ba shi alawus don kula da ɗalibai, da ɗan kuɗin mota da abinci da zai isa hannun ɗalibin yana cikin aikin, ba bayan ya gama ba. Matsalar makulli ma tana da magani. Ba a cewa a sakar wa ɗalibi sito. A shiga da su biyu-biyu tare da ma'aikaci, a ƙirga kaya kafin da bayan, a fara su da tsingaro da ƙwarya kafin a kai ga tagulla. Ƙari a kan haka, yawancin ɗakunan ajiyarmu suna bukatar a sabunta rajistarsu a ɗauki hoton kowane abu, kuma abin da ke da hoto da lamba ya fi wuyar sacewa. Ɗaliban da ake tsoron su ne za su iya yin wannan aiki.

Akwai wata magana da ba a cika faɗinta a fili ba. Iyaye da yawa a wajenmu suna jin gidan tarihi sai su tuna gumaka, ba sa son 'yarsu ta yi aiki a can. Ban raina wannan damuwa ba, daga kishin addini ta fito. Amma duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni ne, da sulke da takubba, da kayan saƙa, da hotunan sarakuna. Mafi yawan abin da ke bukatar ceto a ƙasar Hausa masallatai ne da littattafan malamai da gidajen kakanni. Kuma yara sun yi shekara fiye da goma ba a koya musu tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare ba, don haka ba mamaki in sun taso ba su san darajar hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu ba. Ɗalibin da ya yi aiki a unguwarsu, maƙwabta suna ganinsa da igiyar awo a gindin ganuwa suna tambayarsa me yake yi, ya fi kowace sanarwar rediyo wayar da kai.

Batun aiki bayan karatu shi ne ƙashin bayan komai, kuma nan ne gwamnati kaɗai ke da iko. Dokar 1979 ta hana tono ba izini, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini. Amma kullum ana fasa hanyoyi, ana gina madatsun ruwa da rukunin gidaje, ana shimfiɗa bututu, katafila tana bi ta kan kufai ba wanda ya leƙa. Da za a wajabta wa kowane babban ɗan kwangila ya ɗauki masu binciken ƙasa su riga katafila shiga, ya kuma biya daga cikin kuɗin aikin, da ɗiyar yayana da abokan karatunta sun san inda za su nufa da takardarsu, da kuma sassan jami'a sun samu filin koyarwa da kuɗinsa a lokaci guda. Ga shi kuma Turai ta fara dawo da kayan da aka kwashe; Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar tagullolin Benin da ke hannunta a 2022. Kaya suna dawowa gida, dole a samu hannuwan da suka san yadda ake karɓarsu.

Cikin watanni biyun da suka rage mata, na roƙi wani tsohon ma'aikacin wurin da ya kusa ritaya ya ɗan ja ta a jiki. Ya nemi izini, aka yarda ta riƙa shiga tare da shi ranar Alhamis. Ranar farko ya hana ta taɓa komai, ya sa ta wanke hannu ta tsaya tana kallo. Mako na biyu ya ɗora mata wata tsohuwar tukunya a tafin hannu biyu, ya ce, "'Yata, ba a ɗaukarta ta baki, ta gindi ake tallafa, kamar jariri." Ya nuna mata lambar da wani ya rubuta da farar tawada a ƙasanta shekaru masu yawa da suka wuce, suka buɗe tsohuwar rajista suka nemo layinta, ga sunan garin da aka samo ta, ga ranar. Kafin ta koma makaranta ta auna tukwane arba'in da ɗaya, ta ɗauki hotonsu, ta cike musu kati. Mutumin ya yi ritaya a watan Janairu.